Mai saye shi ke juya cikin hula

Sati shida na yi ina gina shafin intanet ɗin nan. Na shagon Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, mai sayar da huluna a Babbar Kasuwar Katsina. Tun ina firamare nake zaman shagon idan an tashi daga makaranta, ni ke kakkaɓe ƙura, ni ke miƙo madubi idan mai saye zai gwada. Don haka da Malam, mai koya mana gina shafukan intanet, ya ce kowa ya zaɓi wani abu na gaske a garin nan ya yi masa shafin intanet, shi ne aikin ƙarshen zango, ban tsaya dogon tunani ba. Na ari wayar wani abokina mai kyamara mai kyau na ɗauki hotunan huluna ashirin da huɗu: zanna bukar, ƙube, damanga, har da dara guda biyu. Na rubuta HTML, wato kod ɗin da ke tsara ƙashin shafi, da hannuna, na yi masa ado da CSS, kod ɗin launi da fasali, na ɗora shi a GitHub Pages, wurin ajiye shafuka a intanet, saboda ba a biyan ko sisi. Daren da na gama, na daɗe ina kallonsa a kwamfutata. Fage fari tas, rubutu ruwan zinare, sunan shagon da manyan haruffa masu lanƙwasa. Wallahi ya shiga raina.

Mu goma sha takwas ne a ajin. Tun farkon zango Malam ya faɗa mana ba shi kaɗai zai duba aikin ba. Kowane shafi ɗalibai uku za su duba shi, kuma wani kaso na makinka yana cikin yadda ka duba na wasu. Ranar da muka miƙa aikin ya rubuta sunayenmu a guntayen takardu, ya cire hularsa ya zuba a ciki, aka yi ƙuri'a.

Takardu uku aka dawo min da su washegari. Ta farko ta ce: "Masha Allah, aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira." Ta biyu: "Babu gyara." Ta uku: "Ya yi, sai dai a ƙara hotuna." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ni ma irin abin da na rubuta wa mutane uku ke nan, alhali a shafin ɗaya daga cikinsu na ga abin da bai yi aiki ba, na ɗauke kai. Yaya zan zauna in rubuta aibin aikin mutumin da gobe za mu haɗu a sahu ɗaya a masallaci? Ba banza ake wa garin nan kirari da ɗakin kara ba. Da haka aka rene mu, kuma ni har gobe ban ɗauki kara a matsayin aibi ba.

Malam ya shigo da takardun duka a hannunsa, guda hamsin da huɗu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, bai samu gyara goma na ƙwarai ba. "Kun yi wa juna kara," in ji shi, "amma ba ku taimaki juna ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba." Ya yi mana bayanin yadda ake yi a wuraren aiki: mai rubuta kod ba ya zuba abin da ya rubuta cikin babban aiki kai tsaye, sai ya miƙa buƙata, wani abokin aikinsa ya karanta layi-layi, ya yi tambaya, ya nemi gyara, sannan a haɗa. Babba ma ana duba nasa. Wanda aka bar shi ba mai duba aikinsa, a can, shi ne abin tausayi.

Daga nan ya sauya tsarin gaba ɗaya. Ya hana tambayar "ya ka ga shafina?" domin amsarta ɗaya ce a garin nan. Mai shafi zai rubuta ayyuka uku da baƙo zai zo shafin ya yi. Mai dubawa zai gwada yin su a wayarsa, da datarsa, ba da kwamfutar aji ba, yana faɗin abin da ke ransa a fili. Mai shafi kuwa zai zauna a gefe da biro da takarda, bakinsa a rufe. Duk gyaran da za a rubuta sai ya ƙunshi abu uku: ga abin da na yi, ga abin da na zata zai faru, ga abin da ya faru. Ya ce wani masanin wannan fanni, Jakob Nielsen, ya rubuta tun a 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin da ke hana a ji daɗin amfani da shafi, idan dai an ba su aikin yi an zuba musu ido. Mu uku za mu fara da su.

Ayyukan da na rubuta su ne: nemo ƙube, gano ko nawa ce, tuntuɓi shagon.

Wadda ta fara duba nawa wata 'yar Funtua ce, matar aure mai 'ya'ya uku, duk ajin Anti muke ce mata. Ta ciro wayarta daga jaka, ƙaramar Android ce, fuskar ta tsage daga kusurwa guda. Ta rubuta adireshin ta danna. Fari. Muka jira. Sunan shagon ya fito, ƙanƙane kamar an jera tururuwa. Hoton farko ya fara saukowa daga sama, layi-layi, kamar ana sakin labule a hankali. Ina ƙirga daƙiƙoƙi a zuciyata har na daina. Da hoto na uku ya fara, ta ɗago ta dube ni.

"Ƙanena, datar nan ta kwana biyu na saya. Shafinka zai bar min ta gobe kuwa?"

Ba da gatse ta faɗa ba, tambaya ce ta gaskiya. Daga baya da muka duba, kowane hoto tsakanin megabayit uku zuwa biyar ne, yadda kyamara ta ɗauke shi haka na ɗora. Duka shafin ya doshi megabayit ɗari. Ni ban taɓa jin nauyinsa ba saboda kwafin da ke cikin kwamfutata nake buɗewa kullum, hotunan suna nan a gida, ba sai sun biyo ta intanet ba.

Ta sa yatsu biyu ta buɗa rubutun don ta iya karantawa, sai rabin shafin ya fice ta gefen dama. Ta ja hagu, ta ja dama. Layi ɗaya tak na manta a saman HTML ɗin, wanda ake kira viewport, shi ke gaya wa burauzar waya ta shimfiɗa shafi daidai faɗin fuskarta. Idan babu shi, Chrome na waya sai ya ɗauka shafin kwamfuta ne mai faɗin fiksel 980, ya matse shi ya shige. Da ta gangara wajen ƙuben da na ce ta nemo, hotuna biyar babu su, sai ɗan akwati da alamar karyayyen hoto. Gabana ya faɗi, don na san na ɗora su. Ashe sunan fayil ne: a kod na rubuta shi da ƙananan baƙaƙe, shi kuwa fayil ɗin ƙarshensa JPG ne da manya. Windows ba ta damu da wannan bambanci ba, sabar, wato kwamfutar da GitHub ke ajiye shafuka a kai, kuwa ta damu.

Duk wannan na haɗiye, ina rubutawa. Abin da ya fasa min baki shi ne da ta tsaya kan wata zanna bukar mai ruwan toka, ta ce: "Wannan ta yi min. Maigidana ashirin da biyu da rabi yake sawa. A ina zan ga ko akwai lambarsa? Kuma nawa ce?"

Babu. Ni da na tashi a shagon hula, wanda na san ba a cinikin hula sai an san awon kai, ban sa lamba ko ɗaya a shafin ba. Kafin in ankara na ce, "Anti, ai idan aka kira Kawu zai faɗa."

Malam yana bayanmu ban sani ba. Ya dafa kafaɗata. "Ranar da wani zai buɗe shafin nan daga Kano ko Maraɗi, kana zaune kusa da shi ka yi masa wannan bayanin?" Na ce a'a. Ya ce, "To rubuta."

Na biyu wani ɗan Dutsin-Ma ne, mai ƙarancin magana. Shi tashi ya yi ya fita tsakar gida da wayarsa, ya tsaya cikin ranar sha biyu, ya yafito ni. Rubutun nan ruwan zinare da nake alfahari da shi ya ɓace ɗungurungum cikin farin fagen. Da muka koma ciki ya auna launin da kayan awon da ke cikin Chrome: bambancin haske tsakanin rubutun da fagen bai fi 2 da 'yan kai ba, alhali ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafi, wadda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta shimfiɗa, tana neman aƙalla 4.5 ga rubutu na yau da kullum. Shi ne kuma ya nuna min kalmar "ƙube". Salon haruffan da na zaɓa don ƙawa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai wayar ta aro su daga wani salon, harafin farko ya tsaya daban kamar baƙo a cikin kalmar. Sau nawa na kalli wannan kalma ban gani ba.

Na uku ɗan Daura ne, kuma shi ya fi sanyaya min jiki. Yayansa makaho ne, da TalkBack yake sarrafa waya, manhajar Android mai karanta wa mutum abin da ke kan fuskar waya. Ya kunna ta, ya rufe idonsa, ya shiga shafa shafina da yatsa. Duk hular da ya iso, wayar ba ta da abin faɗa sai dai cewa hoto ne, domin ban rubuta bayanin ko ɗaya a gurbin alt ba, inda ake rubuta abin da ke cikin hoto don wanda ba ya gani. Da ya zo aiki na uku, tuntuɓar shago, ya yi ta shafawa bai samu komai ba. Lambar wayar Kawu tana cikin hoton katin shagon da na ɗauka na manna. Mai ido zai gan ta amma ba zai iya danna ta ba, marar ido kuwa a wurinsa babu ita sam. Ya buɗe ido ya ce, "Yayana yana sa hula kullum, kuma da kansa yake son zaɓa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Gyara goma sha bakwai na fita da su a takarda. Ban tsaya hira da kowa ba, na hau Keke Napep zuwa kasuwa raina a jagule. Na tarar da Kawu yana jera sababbin kaya, don azumi ya kusa, kuma cinikin hula daga tsakiyar azumi zuwa jajibirin Sallah yake. Ya ga fuskata ya tambaye ni. Na ce, "Kawu, yau an yi wa aikina fata-fata." Na karanta masa takardar. Yawancin abin da ke ciki bai shafe shi ba, har na zo kan maganar lambar kai. Ya ajiye hular da ke hannunsa.

"Wace ce ta faɗi wannan?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Wannan mai saye ce." Ya ɗauko wata zanna ya kifa ta a tafin hannunsa, ya tura babban yatsa ya fito da cikinta waje, inda bakin zare da ƙulli suke. "Shekara nawa kana zaune a nan, ɗana? Wanda ya shigo ya ce kai, kaya sun yi kyau, wucewa zai yi. Wanda ya juya cikinta yana neman inda zare ya tsinke, shi ne da kuɗi a aljihu." Ya mayar da ita yadda take, ya shafe ta da gefen hannu, ya ɗora a kan 'yan uwanta.

Washegari layi ya zo kaina, ni ne mai dubawa, kuma a nan na gane faɗar gyara ta fi jin sa wuya. Cikin ukun da ƙuri'a ta ba ni har da abokina na unguwa, wanda muka yi makarantar allo tare. Shafinsa na wuraren tarihi ne: hasumiyar Gobarau, Ƙofar Soro, tsohuwar Kwalejin Katsina, Durɓi ta Kusheyi, rijiyar Kusugu ta Daura. Ya sha wahala a kansa, da ƙafarsa ya je ya ɗauko yawancin hotunan. Shi ne wanda na ɗauke wa kai a zagayen farko. Jerin shafukansa na sama ba ya buɗewa sai an ɗora linzamin kwamfuta a kai, waya kuwa ba ta da linzami, don haka a wayata na yi ta dannawa ban iya wuce shafin farko ba. Kuma a gabatarwa ya rubuta cewa an ƙirƙiri Jihar Katsina a 1991, alhali a 1987 ne aka cire ta daga Jihar Kaduna, zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Na daɗe riƙe da biro. Daga ƙarshe na bi tsarin Malam kamar mai bin igiya a cikin duhu: na danna "Gobarau" a wayata, na zata shafinta zai buɗe, babu abin da ya motsa. Da na rubuta shi haka, sai na ga babu inda na taɓa mutuncinsa. Labarin abin da ya faru da yatsana kawai na bayar. Amma na yi kuskure guda. Na ƙara da cewa koren da ya sa a fage bai yi ba, ya sauya shi. Da Malam ya zo kan wannan layi ya tambaye ni, "Koren ya hana ka karatu?" Na ce a'a. "Ya hana ka samun abin da ka zo nema?" A'a. Ya ja layi a kai ya soke shi. Ya ce abin da ranka ba ya so daban, abin da ya karye daban, kuma mai dubawar da ya cakuɗa su yana jawo a yi watsi da gyaransa na gaskiya. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Da na bar maganar koren nan, da a kanta abokina zai tsaya mu yi ta musu.

Ko a haka ma bai ji daɗi ba. Kwana biyu gaisuwarmu ba ta wuce "lafiya lau" ba. A rana ta uku bayan isha'i ya turo min saƙo: in zo in nuna masa yadda na danna.

Malam ya ba mu sati ɗaya na gyara, ya ce kowane gyara a shigar da shi sashen ƙorafe-ƙorafe na GitHub, mai shafi ya amsa kowanne a rubuce: ko ya gyara, ko ya faɗi dalilin da ya sa ba zai gyara ba. Hotunan na fara kamawa. Na rage faɗin kowanne zuwa fiksel 800, na mayar da su WebP, wani nau'in fayil ɗin hoto marar nauyi, kowanne ya dawo ƙasa da kilobayit ɗari, kuma a waya ido ba ya ganin bambanci. Na sa kada hoto ya sauko sai mai kallo ya gangaro kusa da shi. Layin viewport, sunayen fayil, baƙin rubutu a madadin ruwan zinare, salon Noto Sans mai ɗauke da haruffanmu masu ƙugiya, duk waɗannan yini ɗaya suka ci. Lambar waya na fito da ita daga hoto na mayar da ita madanni biyu, ɗaya na kira, ɗaya na WhatsApp ta hanyar wa.me, inda ake fara lambar da 234 a jefar da sifilin farko.

Bayanin hotuna ne ya ci min dare uku, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Na zata abu ne mai sauƙi, sai da na zauna rubuta wa wanda ba ya gani yadda hula take. "Hula mai kyau" ba bayani ba ne. Sai na koma ina tambayar Kawu sunan kowane aiki da launin kowane zare, ina rubuta irin su "zanna bukar, fage ruwan toka, aikin zare baƙi da fari." A cikin darare ukun nan na koyi sunayen da shekara goma ina jin su a shagon ban riƙe ba.

Kan farashi muka yi ja-in-ja da Kawu. Anti ta rubuta a sa kuɗin kowace hula. Kawu ya ce sam. Kasuwa ba ta zama wuri ɗaya, kuɗin zare da na masu ɗinki suna motsi, kuma shi bai san cinikin da babu tayi babu albarka ba. Na kai masa hujjarta, cewa mai kallo daga nesa idan bai san ko aljihunsa zai kai ba, ba zai ma kira ba. Muka tsaya a tsakiya: kowane rukuni an rubuta daga kaza zuwa kaza, tare da ranar da aka sabunta. Na rubuta mata wannan amsa da dalilin Kawu, ta karɓa. Shawara ɗaya kuma na ƙi ta gaba ɗaya. Ɗan Dutsin-Ma ya so in sa hotuna masu juyawa da kansu a sama. Na amsa masa cewa za su dawo da nauyin da na sha wuya na sauke, kuma mai zaɓen hula yana son ta tsaya cak ya ƙare mata kallo. Ya rubuto kalma ɗaya: "Gaskiya."

Ranar dubawa ta biyu Malam ya sa kowa ya auna shafinsa da Lighthouse, ma'aunin da ke cikin Chrome mai ba da maki daga 0 zuwa 100, ƙasa da 50 ja, daga 90 zuwa sama kore. Na ajiye tsohon kwafin, don haka na auna duka biyun: tsohon ja ne a wajen sauri, sabon ya shiga kore. Da na nuna wa Malam, ya gyaɗa kai, sannan ya tambaye ni ko a cikin dogon rahoton da na'urar ta ba tsohon shafin akwai inda ta ce babu lambar kai. Na duba. Ta kama nauyin hotuna, ta kama launin rubutu, ta kama rashin alt. Maganar ashirin da biyu da rabi ba ta ciki.

Anti ta sake buɗe shi a wayar nan mai tsagaggiyar fuska. Kafin ta gyara zaman mayafinta ya gama buɗewa. Ta nemo ƙube, ta ga lambobin da ke akwai, ta danna madannin WhatsApp ya kai ta kan lambar shagon. Ɗan Daura ya tura wa yayansa adireshin a daren, da safe ya zo min da gyara biyu daga bakinsa, duka kan jerin yadda wayar ke karanto abubuwa, na gyara su a ranar. Goma sha bakwai ɗin nan duk an rufe su.

Ana sauran kwana biyu a rufe zango sai ga ƙorafi na goma sha takwas, daga Anti. Ta biya ta kasuwa da kanta ta ga zannar nan mai ruwan toka. Ta rubuta: na ga hular a shafi, na zata ruwan toka ce mai haske, da na riƙe ta a hannu sai na ga ta fi duhu kuma tana da ɗan shuɗi-shuɗi. Gaskiyarta. A ƙarƙashin ƙwan lantarkin shagon na ɗauki hotunan, da dare.

Asabar da hantsi na sake aro wayar abokina. Muka fito da benci bakin shagon inda inuwa take amma haske ya wadata, Kawu ya shimfiɗa farin yadi a kai. Yana miƙo min su ɗaya-ɗaya, kowace sai ya duba lambarta ya faɗa in rubuta. Idan na ɗauka sai in kara wayar kusa da hular, mu duba tare ko launin ya zo daidai. A ta bakwai ya ce bai zo ba, in matsa da bencin gaba kaɗan in sake.